Tiyatar Kumburin Jijiyar Jini a Ƙwaƙwalwa: Hanyoyin Kauce wa Matsaloli da Shawo Kansu

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar mazaɓun Kwarbai A da Kwarbai B da sauran unguwannin cikin birnin Zariya, da mazauna karkara irin su Dambo da Wucicciri da Dutsen Abba, tare da masu unguwanni da dagatai da kansiloli da ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda su ne ake fara bugawa ƙofa idan wani ya yanke jiki ya faɗi.

Tiyatar kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa tana cikin ayyukan fiɗa mafiya haɗari. Jama'a sukan ɗauka cewa nasararta ko akasin haka a hannun likita kaɗai take, a cikin 'yan sa'o'in da zai yi a ɗakin tiyata. Abin ba haka yake ba. Yawancin matsalolin da kan biyo bayan wannan ciwo suna da alaƙa da abin da ya faru kafin a shiga ɗakin, da kuma irin kulawar da aka samu a makonni biyu zuwa uku bayan an fito. A waɗannan wurare biyu, iyali da shugabannin al'umma suna da babban aiki. Wannan bayani ba ya maye gurbin shawarar likitan da ke duba majinyaci.

Mene ne wannan ciwo?

Duk manomin rani ya san yadda tiyon ban ruwa yake yi idan wani wuri a jikinsa ya yi rauni: wurin sai ya yi tozo, yana ƙara kumbura duk lokacin da aka tayar da inji, har wata rana ya fashe. Haka jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa take yi. Bangonta yakan yi rauni, galibi a inda ta rabu gida biyu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, sai wata 'yar jaka ta fito, mai ciki da wuya kamar ƙaramar gora. Likitoci suna kiran wannan jaka anurizim.

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kimanin mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da irin wannan kumburi, kuma mafi yawansu ba ya fashewa har ƙarshen rayuwarsu. Abubuwan da ke ƙara haɗarin samuwarsa ko fashewarsa su ne hawan jini, shan taba, shan giya da yawa, shan hodar iblis, da gado, musamman idan mutum biyu ko fiye cikin iyaye, 'ya'ya ko 'yan uwa na jini sun taɓa samunsa. Masu cutar sikila da masu wani nau'in ciwon ƙoda na gado, wanda ƙoda ke cika da ƙulle-ƙullen ruwa, su ma suna cikin haɗari. An fi ganin fashewarsa tsakanin shekara 40 zuwa 60, kuma ya fi samun mata.

Idan ya fashe, jini yakan kwarara cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 suna rasuwa kafin su isa asibiti. A jimlace kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa tsira, wasu kuma sukan tashi da nakasa. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka isa da wuri suna cikin hayyacinsu sukan warke su koma harkokinsu.

Alamomin da ba a jira da su

Babbar alama ita ce ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ya kai maƙura cikin minti guda, wanda mutum zai ce bai taɓa jin irinsa ba, kamar an buga masa taɓarya a ƙeya. Sau da yawa yana zuwa da amai, sanƙarewar wuya, ƙin haske, ruɗewa, jijjiga irin ta farfaɗiya, ko suma. Wani lokaci kumburin yakan danne jijiyar ido tun bai fashe ba, sai fatar ido ɗaya ta rufe, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Wannan ma gargaɗi ne na gaggawa.

A yankinmu akwai kuskure iri uku da ke cinye lokaci. Na farko, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a je kemis a yi allura a dawo gida. Na biyu, ganin wuya ya sanƙare, musamman a lokacin zafi, a ce sanƙarau ne. Bambancin shi ne sanƙarau yakan zo da zazzaɓi kuma ya ƙaru cikin sa'o'i, wannan kuwa nan take yake sauka. Ko da wanne ne, dukkansu na asibiti ne. Na uku, a danganta abin da iska ko jifa, a kwana ana hayaƙi, ko a kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota.

Akwai kuma wata yaudara. Ciwon kan yakan lafa bayan kwana ɗaya ko biyu, sai a ce an samu sauƙi. Abin da ya faru shi ne wani ɗan gudan jini ya toshe ɓular na wucin gadi. Toshiyar ba ta da ƙarfi, kuma fashewa ta biyu ta fi ta farko muni.

Daga gida zuwa asibiti

Haɗarin sake fashewa ya fi yawa a sa'o'i 24 na farko, inda yakan sami majinyata 4 zuwa 14 cikin 100. Saboda haka ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya da na shanyewar ɓarin jiki na Amurka suka fitar a 2023 suka ce a toshe kumburin da wuri, in da hali cikin sa'o'i 24. Haka kuma, hoton CT na kai ya fi nuna jinin sarai idan an ɗauka cikin sa'o'i 6 na farko. Idan kwanaki sun wuce, jinin yakan dushe a hoto, sai an ɗebi ruwan gadon baya an gwada.

Ga abin da muke shawartar iyali su yi:

1. A kwantar da majinyaci a gefensa, kai a ɗan ɗage, don kada amai ya shiga huhu.
2. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, koko, rubutu ko jiƙo. Abin da aka ɗura huhu yake tafiya, ya jawo ciwon huhu da zai iya hana tiyata.
3. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, domin suna iya ƙara zubar jini.
4. Kada a ɗora shi a kan babur. A lungunan cikin birni da mota ba ta shiga, a ɗauko shi kwance a kan katifa zuwa bakin titi.
5. A riƙe lokacin da ciwon ya fara, kuma a taho da kwalayen duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya.

Asibitin da ke da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa mafi kusa da mutanen Kwarbai shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005. Daga cikin birni ana fita ta Ƙofan Doka, a bi ta Tudun Wada da Kwangila, a wuce Samaru. Idan numfashin majinyaci ya rikice ko yana ta jijjiga, ana iya fara tsayawa a Babban Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofan Gayan don taimakon gaggawa da takardar turawa, amma kada a kwana biyu ana jiran a ga hali. Likitocin Shika ne za su tantance ko a yi aikin a nan ko a tura shi wata cibiya. Akwai sassan tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja.

Hanyoyi biyu na aikin

Hanya ta farko ita ce buɗe kai. Likita yakan cire wani ɗan yanki na ƙoƙon kai, galibi a gefen goshi ta bayan layin gashi, ya bi ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da taimakon madubi mai ƙara girman abu, ya maƙala wani ɗan ƙarfe mai kama da matsin shanya a wuyan kumburin. Jini ya daina shiga jakar, ya ci gaba da bin hanyarsa. Sai a mayar da ƙashin a ɗinke. Dakta Walter Dandy ne ya fara wannan aiki a 1937 a Asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, shekaru 10 bayan Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya ƙirƙiro hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a 1927. Daga ƙarshen shekarun 1960 Farfesa Gazi Yasargil ya inganta aikin da madubin tiyata a birnin Zurik. A nan gida Nijeriya, Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Ibadan a 1962.

Hanya ta biyu ba a buɗe kai. Ana zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya ko wuyan hannu har ya kai ƙwaƙwalwa, a cusa lallausan zaren ƙarfe a cikin jakar har ta cika, jini ya daskare a ciki. Dakta Guido Guglielmi ne ya fara amfani da irin wannan zare a 1990 a Amurka. Wani babban bincike da aka buga a 2002, a kan majinyata 2,143 waɗanda kowace hanya za ta iya yi musu, ya gano cewa bayan shekara guda kusan kashi 24 cikin 100 na waɗanda aka cusa wa zare sun rasu ko sun dogara ga wasu, a ɓangaren buɗe kai kuwa kusan kashi 31. Duk da haka, maƙala ƙarfe ya fi ɗorewa, kuma akwai kumburin da shi ya fi dacewa da shi, kamar mai faɗin wuya ko wanda ya tara gudan jini mai danne ƙwaƙwalwa. Cibiyoyin da ke aikin zare kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yana da tsada. Siffar kumburin da wurinsa da halin majinyaci da kayan aikin da ake da su ne ke yanke hukunci.

Rigakafi kafin a shiga ɗakin tiyata

Da majinyaci ya isa, likitoci sukan auna matsayinsa a kan ma'auni mai hawa biyar, daga mai cikakken hankali zuwa mai dogon suma. Gwargwadon ƙarancin hawan, gwargwadon kyawun fata. Daga nan sai a ɗauki matakai kamar haka:

Ana kwantar da shi a wuri mai natsuwa, a ba shi maganin ciwo da na amai da na laushin bayan gida, domin yunƙuri yana tayar da jini. Wannan ne dalilin taƙaita masu dubiya. Mun san dubiya haƙƙi ce a al'adarmu, amma a waɗannan kwanaki cika ɗaki da jama'a da koke-koke cutarwa ce.

Ana sauko da hawan jini a hankali. Yawancin cibiyoyi suna son lambar sama ta zauna ƙasa da 160 kafin a toshe kumburin, ba tare da an bari ta faɗi ƙwarai ba.

Ana fara ba shi maganin nimodipine, miligiram 60 duk bayan sa'o'i 4, har tsawon kwana 21. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 1989 ya tabbatar da cewa yana rage lalacewar ƙwaƙwalwa bayan irin wannan zubar jini. A lura: nimodipine daban yake da nifedipine da amlodipine, duk da sunayen sun yi kama. Idan an tura iyali sayen magani, kada su karɓi madadi sai da izinin likita.

Ana ɗaukar hoton jijiyoyi don ganin girman kumburin da wuyansa da ƙananan jijiyoyin da ke kusa da shi. Ruwan da ake ɗurawa don hoton yana iya taɓa ƙoda, shi ya sa ake fara gwada ƙoda. Ana kuma tanadar jini tun kafin a fara.

Wajibi ne iyali su faɗa wa likita gaskiya game da ciwon suga, sikila, juna biyu, maganin tsinka jini, da duk wani abu da majinyaci yake sha a ɓoye, har da taba da ƙwayoyi. Ɓoye irin wannan don kunya yana iya jawo matsala a hannun likitan sa barci. Idan an ce kada ya ci abinci kafin tiyata, to kada a ba shi ko da cokali ɗaya na kunu.

Matsaloli a lokacin aiki da yadda ake shawo kansu

Fashewa ana cikin aiki. Wannan ce matsalar da aka fi tsoro. Tana iya faruwa lokacin sa barci idan jini ya hau ba zato, ko lokacin da likita ke raba jakar da abin da ke manne da ita. Don kauce mata, likitan sa barci yakan sa ma'auni a cikin jijiyar hannu mai nuna hawan jini a kowane bugun zuciya. Shi kuma likitan fiɗa yakan fara gano uwar jijiyar da ke ciyar da kumburin kafin ya taɓa shi, kamar yadda mai gyaran famfo yake fara neman makunni. Idan jaka ta fashe, sai ya zuƙe jinin, ya sa matsi na wucin gadi a uwar jijiyar, ya maƙala na dindindin, sannan ya saki. A wasu cibiyoyi ana ba da allurar adenosine, wadda ke tsayar da bugun zuciya na 'yan daƙiƙoƙi don a samu ganin wurin. Ana ƙara jini gwargwadon abin da ya zuba. Idan a aikin zare ne ɓula ta faru, ana karya ƙarfin maganin tsinka jini nan take, a ci gaba da cika jakar har ta toshe.

Toshewar hanyar jini. Idan matsin wucin gadi ya daɗe, ko na dindindin ya haɗa da wata ƙaramar jijiya, wani sashe na ƙwaƙwalwa zai rasa jini, majinyaci ya farka da shanyewar ɓarin jiki ko rikicewar magana. Don haka ake ƙirga mintocin matsin wucin gadi, a riƙa sakinsa lokaci-lokaci. Bayan an maƙala ƙarfen, ana tabbatar da cewa jini na gudana ta hanyar ƙaramar na'urar sauraron jijiya, ko wani rini da ake ɗurawa ya haska a ƙarƙashin madubi. Idan an ga cikas, a gyara zaman ƙarfen kafin a rufe. A aikin zare, gudan jini ne kan toshe hanya, kuma ana narkar da shi da magani ko a zaro shi.

Kumburin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar da jini ya zuba a kanta takan kumbura ta cika wuri. Ana sassauta ta da ƙarin ruwa na mannitol, da daidaita numfashi, da zare ruwan ƙwaƙwalwa kaɗan. Idan kumburin ya yi tsanani, likita na iya ƙin mayar da ƙashin a ranar, sai bayan makonni ko watanni. Iyali kada su ɗauki wannan a matsayin kuskure, dabara ce ta ceton rai.

Ragowar kumburi. Wani lokaci ƙarfe ko zare ba ya rufe jakar gaba ɗaya. Shi ya sa ake sake hoto bayan aiki.

Shigar ƙwayoyin cuta. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a yanka fata, ana kuma bin jerin tambayoyin tabbatar da lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wanda ke sa a tabbatar da sunan majinyaci da gefen da za a yi aiki da tanadin jini da ƙidayar kayan aiki.

Makonni biyu masu haɗari bayan aiki

A nan ne iyalai da yawa suke sakin jiki. An fito tiyata lafiya, majinyaci yana magana yana cin abinci, sai a fara neman sallama saboda kuɗin gado da ɗawainiya. To, tsugune ba ta ƙare ba.

Tsukewar jijiyoyi. Jinin da ya zuba yana fusata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su tsuke, galibi daga kwana na 4 zuwa na 14. Kimanin majinyata 30 cikin 100 sukan samu ƙarancin jini a ƙwaƙwalwa a wannan lokaci. Alamominsa su ne sabon ruɗewa, yawan barci, nauyin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ko sarƙewar harshe. Mai jinya da ke zaune a gefen gado shi ne yakan fara gani. Ya sanar da nas nan take, ko da tsakar dare ne, domin idan an kama shi da wuri ana iya juya shi. Rigakafinsa shi ne nimodipine a kan lokaci da isasshen ruwa a jiki. Idan ya faru, likitoci sukan ɗaga hawan jini da gangan don tura jini ta jijiyoyin da suka tsuke. Kada iyali su firgita da ganin lamba ta hau, kuma kada a ba shi maganin hawan jininsa na gida a ɓoye.

Taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Jini yakan toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa a kusan majinyaci ɗaya cikin biyar a kwanakin farko. Ana sa roba ta fitar da ruwan zuwa wata jaka a gefen gado. Tsayin da aka rataye jakar a kai awo ne, don haka kada mai jinya ya taɓa ta ko ya ɗaga gadon ba tare da nas ba. Wasu sukan buƙaci robar dindindin a ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki.

Raguwar gishirin jini. Yana jawo ruɗewa da jijjiga. Ana gano shi da gwajin jini akai-akai, kuma wannan ne dalilin yawan ɗibar jini da iyali kan yi ƙorafi a kai.

Sauran matsaloli sun haɗa da zazzaɓi, hawan suga, jijjiga, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa, da gyambon kwanciya. Ana juya majinyaci duk bayan sa'o'i 2, a ɗaga kan gado, a motsa masa gaɓoɓi, kuma ba a ba shi abinci ta baki sai an gwada haɗiyarsa. Duk mai taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

Bayan sallama

Gajiya da mantuwa da saurin fushi da ciwon kai da baƙin ciki sukan ɗauki watanni. Ba lalaci ba ne, ba kuma taɓin hankali ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke murmurewa. A ci gaba da gashin ƙashi da motsa jiki kamar yadda aka tsara. Kada a shafa wani abu a kan ɗinki. A koma asibiti da gaggawa idan aka ga ruwa ko mugunya na fita daga ɗinki, zazzaɓi, jijjiga, sabon ciwon kai mai tsanani, ko tafiya da fitsari sun fara rikicewa.

Wanda aka cusa wa zare yana buƙatar sake hoto, galibi bayan wata 6, domin zaren yana iya lotsawa jakar ta sake buɗewa. Wanda aka maƙala wa ƙarfe ya adana takardar da ke nuna irin ƙarfen, ya nuna ta kafin a sa shi a na'urar MRI mai aiki da maganaɗisu. Ƙarafan zamani na taitaniyom ba su da matsala da ita, amma dole a tabbatar. Tuƙin mota ko babur, hawa sama, ɗaukar kaya masu nauyi da azumi, duk sai likita ya ba da izini. Taba kuwa an rabu da ita ke nan har abada.

Aikin shugabannin al'umma

Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da kansiloli da kwamitocin ci gaban mazaɓu da su ɗauki waɗannan matakai tun kafin buƙata ta taso:

1. Mota. Kowace unguwa da kowane ƙauye su san direbobi biyu ko uku da za a iya tasa da dare, a kuma yi yarjejeniya cewa maganar kuɗi sai bayan an isa.
2. Jini. A tanadi sunayen matasa masu lafiya da suka san rukunin jininsu. Mai shekara 18 zuwa 65 da nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa idan gwaji ya nuna ya cancanta, kuma jiki yana mayar da abin da aka ɗiba.
3. Sa hannu. Ba a yin tiyata sai da amincewar majinyaci ko makusancinsa. Sau da yawa mace takan kwana ana jiran maigida ko babban wa ya dawo daga tafiya. A wayar da kan magidanta su ba da izini ta waya, su wakilta wanda zai sa hannu. Iyali su zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa da zai riƙa magana da likitoci.
4. Kuɗi. Aikin yana da tsada, kuma neman kuɗi bayan ciwo ya faɗo yana cinye kwanakin da suka fi muhimmanci. A ƙarfafa asusun taimakon gaggawa na unguwa da shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kaduna, wato KADCHMA, ko na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa. Mai rajista ya tambayi abin da tsarinsa ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba. A asibitin koyarwa kuma akwai sashen jin daɗin jama'a da marasa ƙarfi za su iya tuntuɓa.
5. Awon hawan jini. Wannan ne rigakafi mafi araha. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa cibiyar lafiya ta mazaɓarsa ana auna shi. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Ga ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis, tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: ciwon kan nan a hankali ya taso, ko farat ɗaya ya sauko? Idan farat ɗaya ne, kuma mai shi ya ce bai taɓa jin irinsa ba, a rubuta takardar turawa mai ɗauke da lokacin farawa da awon jini da matsayin hankali, a tura shi a ranar, ko da gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai.

Tambayoyin da iyali za su yi wa likita

Kafin a sa hannu, iyali suna da haƙƙin sanin: a ina kumburin yake kuma guda nawa ne, wace hanya za a bi kuma me ya sa, mene ne haɗarin yin aikin da haɗarin barinsa, leda nawa na jini ake buƙata, ko akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman, da kuma kwana nawa ake sa ran zai yi. Idan kumburin bai fashe ba, an gan shi ne a hoton da aka ɗauka don wani dalili, babu gaggawa irin ta mai fashewa. Ƙananan kumburi da yawa sa ido kawai ake yi musu tare da daidaita hawan jini da barin taba, kuma akwai lokacin neman ra'ayin likita na biyu.

Kammalawa

Ba kowace matsala ake iya kauce mata ba, ko a manyan asibitocin duniya, kuma likitan kirki ba ya alkawarin abin da ba ya hannunsa. Amma isowa a ranar farko, faɗin gaskiya, tanadin jini, sa hannu a kan lokaci, da haƙurin zama a asibiti har kwanakin tsukewar jijiyoyi su wuce, duk suna hannun jama'a. Muna roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su samu karanta shi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu lafiya.